Saƙin Inna a Hannun Despina

Duk lokacin da kuka je Kano hutu, na san akwai wanda zai ja ɗayanku gefe ya ba shi labarin saƙin Inna. Walida ta taɓa dawo min da shi tana kuka, wai an ce mata uwarta ta sayar wa Baturiya zanen kakarta. Na Hanifa ya fi muni, ita cewa aka yi da almakashi na yayyanka shi don a yi kwalliyar bango. Ban taɓa zaunar da ku na warware muku ba, domin duk sanda na ɗauko zancen sai in kasa kai shi ƙarshe. Yanzu da gwiwa ta fara hana ni doguwar tsayuwa a kicin, lokaci ya samu, bari in rubuta muku shi yadda ya faru. Allah shi ne shaidata ban sayar ba. Amma akwai abin da na yi wanda a wurina ya fi sayarwa nauyi, shi ne kuma ba a faɗa muku.

A shekararmu ta biyu a Kuala Lumpur ne. Abbanku yana tsakiyar karatun digirinsa na uku, muna zaune a Danau Kota, hawa na goma sha huɗu, a gidan nan mai ɗaki biyu da 'yar barandar da nake shanya. Walida tana firamare, Hanifa ba ta shiga ba tukuna, Sadiku yana bayana. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata mata ce 'yar ƙasar Girka, sunanta Despina. Kafin in san sunanta na san ƙamshin gidanta, domin kullum da hantsi lungun da ke tsakaninmu yakan cika da ƙamshin zuma, har na ɗauka sayarwa take yi. Ranar da na fara ganinta sosai, fitowa ta yi daga lif tana jan wani tsohon kwanon rufi da tsatsa ta cinye, gashinta fari gajere, hannayenta duk tabo. Ta gaishe ni da fara'a, ni kuwa na amsa ina jan 'ya'yana baya. Tun daga ranar Walida ta sa mata Anti Mai Bola. Na tsawatar, amma a raina dariya nake yi.

"Malam, anya matar nan ba tsafi take yi ba?" na ce da Abbanku. "Jiya da buhun toka na ga ta shiga."

"Tsafin me, Maman Walida? Malama ce fa, zane-zane take koyarwa a wata kwaleji a Wangsa Maju. Mun hau lif tare."

"To malamar ce take yawo a bola?"

"Ke da kike tara gwangwanin madara tun daga Kano, wa ya ce miki matsafiya?"

Hanifa ce ta fara shigar da ni gidan. Ƙofar a buɗe take, yarinya ta sulale ta shige, na bi ta da sallama ina ba da haƙuri da ɗan Turancin sakandaren da nake da shi. Na shiga da fargabar zan tarar da gumaka da hotunan mutane tsirara. Ban ga fuska ko ɗaya ba. Manyan alluna ne na katako jingine da bango, a kansu an manna tsofaffin yadi da wasiƙu da suka koɗe da guntayen ƙarfe, an bi su da zare, sannan an lulluɓe su da kakin zuma, sai ka ga abin yana can ciki kamar kana hango shi a ƙasan ruwa mai tsabta. A tukunyar dafa shinkafa ta lantarki take narka kakin. Abin da ya fara ba ni dariya ke nan, ita ma ta taya ni, daga nan muka zama maƙwabta.

A hankali na san labarinta, wani a bakin ƙofa, wani a kan hanyar kedai, wato ɗan shagon da ke ƙasan benenmu. A wani ƙaramin tsibiri aka haife ta. Mahaifinta masunci ne, mahaifiyarta tela mai ɗinka wa amare zannuwan gado. Kakarta tana ƙarama ta ƙetaro teku da iyayenta suna gudun yaƙi, da ƙunshi ɗaya a hannu, har ta mutu kuma ba ta daina kwatanta wani gida da ba ta sake gani ba. Despina ta yi karatu a babban birninsu, ta shekara goma tana aiki da fenti da buroshi kamar kowa. Sai mahaifinta ya rasu, 'yan'uwanta maza suka tara ragar kamun kifinsa za su ƙona, ta ce a ba ta. Tun daga nan ta daina zana kamannin abubuwa, ta koma aiki da abubuwan su kansu. Da ƙasarsu ta shiga matsin tattalin arziki, makarantar da take koyarwa ta rufe, shi ne ta biyo aiki har nan. Aurenta ya daɗe da mutuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba. Mahaifiyarta tana can wurin ƙanwar Despina, tsufa ya fara taɓa tunaninta, in sun yi waya wani lokaci takan tambayi Despina ko 'yar gidan wa ce. Akwai maganar da ta taɓa yi min ban manta ba.

"Ni ba na zana abu, Hauwa. Abin nake roƙo ya ɗan tsaya kafin ya tafi."

A cikin wannan shekarar Inna ta rasu. Nan azahar ta yi lokacin da Yaya Asabe ta kira, can Kano ba a daɗe da idar da sallar asuba ba. Fasfunanmu suna wurin sabunta biza, ko da suna hannu ma ba zan tarar ba. Lokacin da ake kai ta makwancinta da hantsi, nan ana kiran la'asar ne, ruwa yana zuba kamar ba zai tsaya ba, ni ina zaune a kan sallaya da Sadiku a cinya ina kallon agogo. Ban wanke ta ba, ban ga fuskarta ba, ban zauna a tabarmar gaisuwa kusa da 'yar'uwata ba. Matan ɗalibai 'yan gida sun zo, sun cika falo kwana uku, Allah ya saka musu da alheri. Amma babu wadda ta san Inna a cikinsu, babu wadda zan ce wa "kin tuna" ta ce ta tuna.

Ranar arba'in na soya waina na rarraba wa maƙwabta, na kai wa Despina faranti ɗaya. Ta tambaye ni bikin me ake yi. Da na ce yau kwanan mahaifiyata arba'in, sai ta dafe ƙirji. Da yamma ta ƙwanƙwasa ƙofa riƙe da kwano, dafaffiyar alkama ce da zabibi da 'ya'yan rumman, an barbaɗa sukari a sama.

"Mu ma arba'in muke ƙirgawa," in ji ta. "Wannan muke rabawa."

Na kai wa Abbanku ina tambayarsa da ido. Ya ce alkama ce da sukari, in yi bismilla in ci. Na ci cokali uku, sai kukan da na riƙe a gaban mutane tun ranar farko ya ɓalle min a bakin ƙofa. Matar nan ta zauna a ƙasa kusa da ni, ba ta ce in yi haƙuri ba, har na gama.

Yanzu bari in gaya muku abin da saƙin yake, tunda kuna ƙanana ba za ku tuna shi ba, Walida ce kaɗai aka goya da shi, ita ma tana jaririya. Zane ne saƙar hannu, baƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙananan layuka farare, kakarmu ce ta ba Inna ranar sunan ɗanta na fari. Da shi ta goya mu duka tara. Da muka girma muka fara haihuwa, sai ya zama duk ɗan fari a zuriyarta, goyonsa na farko bayan suna da saƙin nan ake yi. Inna da kanta take ɗora jaririn a bayan uwar ta ɗaure, ta yi addu'a, a yini da shi, washegari a ninke a mayar mata. Ba farilla ba ce, ba wanda ya ce addini ne. Abin gidanmu ne kawai. Bayan rasuwarta ya koma hannun Yaya Asabe, ita ce babba a mata, ita ce kuma ta raine ni. Da ta ga yadda nake kuka a waya kullum, sai ta ba wata ɗaliba mai dawowa nan ta kawo min shi.

"Auta, aro na ba ki," in ji ta. "Da shi ta rufe ƙafarta har ranar ƙarshe, ban wanke ba, ƙamshinta yana jiki. Ki shaƙa ki samu sanyi. Amma kin san Zainab tana da ciki, wata biyar ya rage. Kafin suna ya dawo min."

"In sha Allahu, Yaya. Da kaina zan nemi mai zuwa."

Zainab ita ce 'yar Yaya ta fari, cikin nan kuma shi ne jikan Yaya na farko, shi ne kuma karon farko da Yaya za ta tsaya a inda Inna take tsayawa ta ɗaura goyon.

Da na buɗe ledar, Inna ce ta shigo ɗakin. Turaren wutarta, man shanu, ɗan ƙaurin hayaƙin murhu. Sati biyu na yi kullum bayan Walida ta tafi makaranta sai in kifa fuskata a ciki in yi ta kuka har ya jiƙe. Abbanku ya ce ina cutar da kaina, in ajiye shi. Ni ma na lura ƙamshin ya fara raguwa, tsoro ya kama ni kada ya ƙare. Sai na yi abin da kowace mace a Kano za ta yi da kaya mai daraja. Na ninke shi, na sa kafur, na zura a leda na ƙulle, na ƙara wata ledar na ƙulle, na sa a ƙasan akwati na tura ƙarƙashin gado, jikin bangon banɗaki. A gida in ka yi haka, bayan shekara ashirin yadda ka ajiye haka za ka ɗauko. Ban yi tunanin ba a gida nake ba. A garin nan da takalmi yake yin fumfuna in an kwana bakwai ba a sa shi ba, ni na ɗauki zane da danshin hawayena a jiki na toshe masa iska wata uku cur.

Ranar da na samu mai tafiya Kano na jawo akwatin. Tun kafin in kwance leda ta biyu warin ya buge ni. Fumfuna ce fara da kore da baƙa, ta bi kowane ninki. Na ɗauko tsumma na fara gogewa da sauri, sai yatsana ya shige ta cikin zanen kamar takarda jiƙaƙƙiya. Ban san lokacin da na fita ba mayafi ba, ina buga ƙofar Despina.

Ta shimfiɗa shi a kan teburinta da hannu biyu, a hankali kamar mai sauke marar lafiya. Ta daɗe tana dubawa da gilashinta a kan hanci, tana jan zare ɗaya-ɗaya.

"Hauwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Ba zai sake ɗaukar jariri ba."

"A wanke mana! Akwai sabulu, akwai magani, ke kin san kan yadi."

"In ya shiga ruwa, abin da zai fito ba zai cika tafin hannunki ba. Tsohon zare ne, fumfunar ta riga ta ci cikinsa. Zan iya kashe ta, in tsayar da abin da ya rage. Amma hanyar da na sani ɗaya ce, ita ce kaki. In ya shiga kaki, ba ninkewa, ba ɗaurawa, ƙamshin ma ya tafi. Zai zauna ne kawai a gan shi." Ta cire gilashin ta dube ni. "Na wa ne? Naki ke kaɗai?"

Na ce nawa ne.

Ga laifina nan, ku karanta shi da kyau. Ta tambaye ni, na yi mata ƙarya. Abbanku ya ce min tun a ranar, "Ki kira Yaya yanzu, ki faɗa mata, ita ce mai shi." Na ɗauki waya ya fi sau goma ina ajiyewa. Matar da ta cire abu mafi daraja a hannunta ta aiko min don ta ji tausayina, da wane baki zan ce mata na ruɓar da shi? Sai na lallashi kaina cewa in na bari aka gyara shi ya yi kyau, maganar za ta fi sauƙin faɗa. Da Yaya ta kira tana tambayar ko mai tafiyar ta taso, na ce an ɗaga tafiyar.

"Yana nan dai lafiya ko?"

"Yana nan, Yaya."

Sati uku muka yi muna aikin, kullum da safe in na kai Walida makaranta. Despina ta ce ba za ta yi ita kaɗai ba, ita ba ta san matar ba, dole hannun wanda ya san ta ya shiga. Muka shanya shi a inuwa inda iska take wucewa, muka bi shi da buroshi mai laushi irin na kwalliya, taƙi bayan taƙi. Kusan rabinsa ya tafi. Abin da ya rage muka shimfiɗa a kan allon da ta shafe da farar ƙasa da toka. Ba ta yarda a ja shi ya miƙe ba, ta ce duk wata tamoji da ke jiki wani ne ya yi ta, a bar masa abinsa. Inda ya ɓule, ta ɗauko wani ƙunshi daga akwatinta, ragowar ragar mahaifinta ce, ta warware zaren ta ba ni allura. Ni na ɗinke ramukan, ɗinkin da Inna ta koya min na toshe yagewa. Ina ɗinki ina salati, ita tana wata waƙa ƙasa-ƙasa da yarensu, Hanifa tana tsakaninmu tana haɗa Hausa da yaren garin da ta tsinta, tana cewa, "Mama, makan lah, yunwa nake ji." Wata rana tana cikin shafa kakin ta ce min jiya ta yi waya da mahaifiyarta, tsohuwar ta yi mata hira mai daɗi, a ƙarshe ta ce in ta ga 'yarta Despina ta ce mata ta zo gida. Ta faɗa tana murmushi, buroshin bai tsaya ba. Ranar na gane ba ni kaɗai nake ɗinke rami a teburin nan ba.

Da aka gama, na tsaya a gabansa ina kallo. Shuɗin ya dawo da ƙarfinsa a ƙarƙashin kakin, zaren ragar ya ratsa ramukan kamar jijiyoyin bayan hannu. Ya yi kyau, ba zan ɓoye muku ba. Na kai hancina kusa, zuma kawai na ji.

A watan ne Despina take da baje kolin ayyukanta a wani ɗan zaure a saman bene a Bukit Bintang, kusa da gidajen abincin Larabawa. Ta nemi izinina ta rataye shi kwana goma, ba na sayarwa ba. Bayan duk wahalar da ta sha, kunya ta hana ni cewa a'a. A ƙasansa ta sa 'yar takarda mai sunanta da nawa, da cewa zanen goyo ne daga Kano. Wata yarinya 'yar gida da ke karatu a nan ta shiga ta gani, daɗi ya kama ta, ta ɗauki hoto ta watsa a waya tana alfahari. Kafin kwana biyu ya isa hannun Zainab, ita kuma cikinta ya tsufa.

Ina yanka albasa wayar ta shigo.

"Auta, mene ne wannan nake gani?"

Na faɗa mata komai, tun daga ledar. Ba ta katse ni ba. Da na gama, muryarta a kwance take, da ma ihu ta yi min da ya fi min sauƙi.

"Fumfuna daga Allah ce, ban kama ki da ita ba. Amma ko ruɓaɓɓe ne namu ne. Da kin dawo da shi mun ga ruɓewarsa da idonmu, mu yi kukanmu, in ɗora ko ƙyalle ɗaya ne a bayan jaririn. Sau uku ina tambayarki kina ce min yana nan. Kin rataye Inna a bango, ƙarti suna wucewa suna kallo."

"Yaya, ki yafe min, tsoro ne..."

"Tsoron wa? Ni da na goya ki?"

Ta kashe wayar. Bayan kwana goma sha biyu Zainab ta haifi namiji. Da atamfar kasuwa aka yi masa goyon farko, daga kansa kuma al'adar ta tsaya a gidanmu. Duk 'ya'yan farin da aka haifa bayansa, babu wanda aka yi wa.

Da na gaya wa Despina gaskiya, ta yi fushi da ni, fushi na sosai, kwana huɗu ba ta buɗe min ƙofa ba. Ta ce na sa hannunta a cikin abin da ba ta taɓa yi ba, taɓa kayan mamaci ba da yardar masu shi ba. A ranar ta je ta sauke shi daga bango. Rana ta biyar ta kawo min shi har falo, ta ce in kai wa 'yar'uwata. Amma ta gargaɗe ni, kakin zuma ba ya jure zafi mai tsanani. Da na kwatanta mata bazarar Kano a ɗaki mai rufin kwano ba wuta, ta girgiza kai. Na aika wa Yaya saƙo ta bakin Zainab ko in kawo shi haka nan. Amsa ta dawo cewa zane ta ba ni, ba allo ba. Shekara biyu yana jingine a ɗakina, na rufe shi da farin ƙyalle. Da jikin mahaifiyar Despina ya yi tsanani ta ajiye aiki za ta koma, ni na ce ta tafi da shi. A nan ina tsoron danshi, a gida ina tsoron rana, a wurinta kaɗai na san zai zauna lafiya. Haka saƙin Inna, matar da ba ta taɓa wuce Zariya ba, ya tafi wani tsibiri a tsakiyar teku. Ranar da na raka ta lif da akwatunanta, na ji kamar an sake yi min rasuwa. Har yau in na ji ƙamshin zuma a kasuwa sai na waiwaya.

Abbanku ya gama karatu ya samu koyarwa a nan, muka zauna. Sau biyu na je Kano a shekarun da suka biyo. Yaya takan karɓe ni da "Sannunku da zuwa, ya hanya," a kawo min ruwa da abinci a kwanon baƙi. Ba ta sake kirana Auta ba, Maman Walida take cewa kamar kowa. Ku da kuke yara ba ku lura ba. Ni kowace gaisuwa sai na ji ta har ƙashina.

A shekara ta shida Zainab ta kira ta ce ƙodar Yaya ta ƙi, in ina son ganinta in taho. Wannan karon fasfo yana hannuna. Na tarar ta rame, tana kwance a ɗakin Inna. Kwana biyu ina zaune a gefenta ina yi mata fifita, ba ta ce min komai ba bayan gaisuwa. Rana ta uku bayan azahar, idonta a rufe, ta yi magana.

"Hoton nan yana wayarki?"

Na nemo wanda Despina ta aiko min, yana rataye a farin bangon ɗakinta. Zainab ta sa mata gilashi ta buɗa hoton da yatsa. Yaya ta daɗe tana kallo, tana cewa a matsa nan, a matsa can. Sai ta yi tsaki.

"Wane ne ya rataye shi haka?"

"Ni da ita ne, Yaya."

"To kai ƙasa kuka sa shi. Ke ba ki da ido ne? Wannan gefen da ya koɗe shi ne sama. Nan bakinmu yake kaiwa in tana goye da mu, duk mun tsotsa." Ta ɗora yatsa a wani wuri da ya fi ko'ina fari. "Wannan kuma naki ne. Ba wanda ya kai ki tauna shi. Ni nake zare miki shi daga baki kina tsala ihu, Inna tana cewa in ƙyale mata auta." Ta miƙo min wayar. "Ki gaya wa matar ta juya shi."

Sati uku na yi ina ɗinki a kan zanen nan, ban san wannan ba. Babu kuma wanda ya rage a duniya da zai gaya min sai ita.

A take na rubuta wa Despina. Kafin la'asar amsa ta zo. Matar da ta doshi saba'in ta hau kujera ita kaɗai ta sauke allon ta juya shi, ta aiko da sabon hoto. Sunanta da ta rubuta a ƙasan allon ya koma sama a kife, ta ce haka zai zauna, ba za ta gyara ba. Na nuna wa Yaya. Ta duba, ta duba.

"Yawwa," in ji ta. Ta juya ta yi barci.

Bayan kwana tara ta cika, ni na wanke ta. Allah ya jiƙanta, ya haɗa ta da Inna a inda babu rabuwa. Ban ji kalmar yafiya daga bakinta ba, ban kuma sake roƙa ba, don kada in matsa wa marar lafiya. Saboda haka kada in ji ɗayanku ya ce Yaya ta cika riƙo, kada kuma in ji an zagi Despina a gabanku kun yi shiru. In kuna yi min addu'a, ku roƙa min Allah ya karɓi yawwar nan a matsayin yafiya, domin ita kaɗai na samu.